Inci Huɗu Daga Kilt Ɗin Babanmu

Litinin, 12 ga Oktoba, 1987

An sallamo Murdo daga asibitin Inverness. Ba don ya warke ba. Likita ya ce huhun ya gama, a kai shi gida a ba shi abin da ransa yake so. Ƙanena ke nan, shekara sittin da uku, yau 'yarsa Ishbel ce ta tallabo shi daga mota har gado. Mutumin da ya shekara arba'in yana busa algaitar jaka a kowace jana'iza da kowane ɗaurin aure na ƙauyen nan, yanzu ko numfashin da zai hura shayi ya huce babu.

Na kai masa romon rago. Cokali uku ya sha, ya ce, "Yaya Dolina, gishiri ya yi yawa." Na ce bakinka ne ya lalace. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Laraba, 14 ga Oktoba

Yau ya faɗi abin da ke ransa, kuma da ma bai faɗa ba.

Ya sa Ishbel ta fita, ya ce in matso. "Idan na tafi, Ishbel ce za ta busa mini. Ina so ta busa cikin kilt ɗin Baba. Ki rage mata shi. Kuma ina so in gan ta a ciki da idona, ba sai ina cikin akwati ba."

Na ce, "Zazzaɓin ne ya taɓa maka kai?"

Busawa kam ban musa ba, shi ya koya mata tun tana 'yar shekara bakwai, har ta fi shi yanzu. Amma kilt? Shekara hamsin ina ɗinka shi da hannun nan, yadi takwas na ulu kowanne, ban taɓa ɗaura wa mace ko ɗaya ba. Kilt suturar maza ce, iya gwiwa, ninki a baya, ya rufe ta dama. Mace siket ake yi mata da irin yadin, ya sauka ƙasa da gwiwa, ya rufe ta hagu. Haka Inna ta koya mini, haka aka koya mata.

Kuma ba ma kowane kilt ba. Wanda Inna ta ɗinka wa Baba na aurensu a 1919, wanda Murdo ya gada. Kilt ba shi da kalmasa, bakin saƙar ne ƙasansa, ba a taɓa shi. In za a rage tsawo sai an farke ƙugu gaba ɗaya a yanke ta sama. Murdo dogo ne, Ishbel iyakar kafaɗarsa take. Inci huɗu ke nan zan sa wa almakashi, kuma abin da aka yanke ba ya komawa.

Na ce a'a. Ya ce in je in yi tunani.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Na yi tunanin. A'a.

Asabar, 17 ga Oktoba

Ishbel ta biyo da motar raba wasiƙunta, ta shigo ko gaisuwar kirki babu, ta dire mini kilt ɗin a teburin aiki.

Na ce, "Zan yi miki siket. Ina da ragowar saƙar danginmu, kore da shuɗi, jan layin ma iri ɗaya. Kwana huɗu na gama."

Ta ce, "Gwaggo, ba siket ya ce ba."

"To ai ni ce tela, ba shi ba."

"Ni fa ban roƙa ba. Da ni ce, a wandon nan zan busa, ko a jikina. Shi ne yake so."

Na ce mata kakanninta mata ba su taɓa sa shi ba kuma ba su mutu da baƙin ciki ba. Sai ta ce, "Kin tambaye su?" Kai! Yarinyar da na rena tun tana shekara huɗu da uwarta ta rasu, ni na cire mata haƙorin farko da zaren ɗinkina, yau ita ce take mayar mini da magana a ɗakina. Na ce ta kwashe kayanta. Ta fita ta bar shi a nan.

Yana nan a tebur. Warin tabar Murdo yake yi.

Lahadi, 18 ga Oktoba

Bayan coci Hector Finlayson ya tare ni a ƙofa. Dattijon coci ne, kuma babu tukunyar da za a ɗora a ƙauyen nan bai san abin da ke ciki ba. Wai ya ji labari, wai ya gode Allah da har yanzu akwai masu riƙe da mutunci irina. "Ki tsaya kan bakanki, Dolina. Yau kilt, gobe kuma sai su ce su za su ɗauki gawa."

Na ce na gode. Amma tun da na dawo raina a ɓace yake. Tunda nake, ban taɓa samun kaina a gefe ɗaya da Hector ba, kuma ban ji daɗin wurin ba.

Laraba, 21 ga Oktoba

Murdo ya rame ƙwarai. Zoben aurensa Ishbel ta cire ta ajiye don yana faɗuwa.

Ya ce, "Yaya, Baba ya mutu, Inna ta mutu. Wa kike tsoro?"

Na ce ba tsoro ba ne, daidai ne da ba daidai ba.

"Da ina da ɗa namiji da tuni kin gama, ko da bai san inda ake sa baki a algaita ba."

"Da kana da ɗa namiji da ba a yanke komai ba."

Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya juya fuskarsa ga bango. Ishbel tana bakin ƙofa da kofin shayi, ta ji komai. Na ɗauki jakata na fito.

Juma'a, 23 ga Oktoba

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, bari in rubuta shi a nan ko zai bar ni in huta.

Ina shekara tara, Inna ta tafi tatsar saniya, na buɗe akwati na ɗaura kilt ɗin nan. Sau biyu ya zagaye ni, yana jan ƙasa. Na ɗauki sandar Baba ina takawa a tsakar ɗaki kamar mai busa. Inna ta shigo. Mari ɗaya ta yi mini, kunnena ya kwana biyu yana ƙara. Ba ta ce komai ba sai, "Ke mace ce."

Daga nan ban sake ba. Na ɗinka fiye da ɗari tara, ban ƙara ɗora ko ɗaya a jikina ba.

To wai yanzu ita Ishbel a ba ta haka kawai? Ni an mare ni, ita a yanke mata? Na san wannan ba hujja ba ce. Hassada ce, kuma ta tsohuwa mai shekara sittin da shida, abin kunya. Amma tana nan.

Asabar, 24 ga Oktoba

Murdo ya ce a buɗe taga. Ishbel ta tsaya a bayan gida cikin ruwan sama, da wandon aikinta da rigar ruwa, ta busa masa dogon taken da ake yi wa mamaci, don ya ji ko akwai gyara. Ni ina zaune gefen gado. Idonsa a rufe, yatsunsa suna bin busar a kan bargo, ɗaya bayan ɗaya, ba su ɓata ko sau ɗaya ba.

Da ta gama ya ce, "Ta yi sauri a ƙarshe." Sai kuma, "Amma ba zan gaya mata ba."

Na dawo gida ban iya cin komai ba.

Talata, 27 ga Oktoba

Na farke ƙugun.

Ban yanke shawarar komai ba, na dai zauna in duba yadda Inna ta yi ciki, sai ga ni na cire shafi, na cire maɗaurin fata. Ɗinkinta ƙanana, goma sha biyu a inci, zaren har yau da ƙarfinsa. Kowane ɗinki na cire sai in ji kamar ita nake taɓawa.

Ga wani abu. Ninki uku na gefen hagu a karkace suke! Ta ɓata layi, ta rufe da shafi, shekara sittin da takwas babu wanda ya sani. Matar da take sa ni farke aikin yini guda saboda ɗinki ɗaya ya kauce. Na yi dariya ni kaɗai kamar mahaukaciya, daga nan kuma dariyar ta juye.

Ba zan gaya musu ba tukuna. A gidan nan ba a nuna aiki, ba a ma zancensa, sai an yi guga an cire zaren da ke riƙe da ninki. Ko mai kayan ne ya zo, rufewa nake yi da farin ƙyalle. Kuma in faɗi gaskiya, ba na son ganin fuskar Ishbel tana cewa ai da ma. Idan na gama sai in kai in ajiye a kan gadonsa, ba sai na ce uffan ba.

Alhamis, 29 ga Oktoba

Tsawon kilt a durƙushe ake auna shi, daga ƙugu zuwa ƙasa. Yaya zan ce mata durƙusa ba tare da ta gane ba? Sai Allah ya taimake ni, jiya ta durƙusa zuba gawayi a murhun ɗakin Murdo, ƙugunta daidai da hannun kujera. Da ta fita na auna kujerar da tafin hannuna. Murdo ya buɗe ido ya ce, "Me kike yi wa kujerata?" Na ce ƙura nake sharewa.

Yau da hantsi na ja alli na sa almakashi. Inci huɗu, tsawon yadi takwas. 

Asabar, 31 ga Oktoba

Ninki tara cikin ashirin da bakwai. Rana ta gajarce, daga ƙarfe tara zuwa uku kaɗai nake bambance kore da shuɗi, a fitila duk baƙi suke zame mini. Gaɓoɓin yatsuna sun kumbura. Da, ninki shida nake yi a yini. Tir da tsufa.

Gobe Lahadi, ba a taɓa allura.

Litinin, 2 ga Nuwamba

Nas ta ce mako ɗaya, wataƙila biyu. Na lissafa, ranar Asabar zan gama. Akwai lokaci.

Da na shiga ya ce in zauna kusa. Muryar ta koma raɗa. "Na daina roƙonki, Yaya. Na san halinki tun muna yara, in kin ce a'a an gama. Ban riƙe ki da komai ba. Ki dai riƙe mini yarinyar."

Maganar tana kan harshena. Allah ya sani tana nan, kalma uku: na fara tuni. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Sha romonka kafin ya huce."

Ya sha cokali ɗaya don kada in ji haushi.

Laraba, 4 ga Nuwamba

Ashirin da ɗaya. Ishbel ba ta yi mini magana sai abin da ya zama dole. "Sannu, Gwaggo." "Sai gobe, Gwaggo." Oho dai, Asabar tana zuwa.

Juma'a, 6 ga Nuwamba

Murdo ya cika yau da ƙarfe sha ɗaya na safe.

Ina ɗinka shafi. Na ce bari in ƙarasa gefen nan kafin in tafi da romo, haske yana da kyau. Sai na ji motar wasiƙu ta tsaya a ƙofa, ba lokacinta ba. Ban ko tuna farin ƙyallen ba.

Ta shigo ta ce, "Gwaggo, Baba ya tafi." Sannan idonta ya sauka kan tebur. Ta tsaya tana kallo. Ninkin duk sun jeru, allura tana maƙale a shafi.

"Tun yaushe?"

Na ce tun Talatar makon jiya.

"Ya sani?"

Na shiga gyara ninkin da ke gabana.

"Gwaggo, ya sani?"

Na ce a'a. Na ce jira nake in yi guga.

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Kwana goma. Kullum kina zuwa da romo. Jiya ya ce mini kada in riƙe ki a zuciya, wai haka Allah ya yi ki." Ta juya. A ƙofa ta ce, "Guga."

Ba zan iya ƙara komai ba yau.

Asabar, 7 ga Nuwamba

Na gama. Na yi guga, na cire zaren riƙo, na sa maɗauri. Ranar da na ce, daidai. Lissafina bai ɓata ba ko kaɗan.

Na kai gidan. Yana kwance a ɗakin gaba, an rufe madubi, an tsayar da agogo kamar yadda muke yi in an yi rasuwa. Na ajiye kilt ɗin a kujerar nan tasa. Mutane suna ta shiga da fita, ana ta cewa sannu Dolina, kin yi ƙoƙari da shi. Ina ta amsawa.

Talata, 10 ga Nuwamba

An binne shi.

Aka yi addu'a a gida. Maza suka ɗauki akwati, mu mata muka tsaya a ƙofa kamar kullum, mu ba ma bin gawa makabarta, namu shi ne ruwan shayi da yankan burodi kafin su dawo. Sai Ishbel ta fito daga ɗakinta.

Kilt ɗin ne a jikinta, kuma ya zauna mata. Ba zan yi ƙarya a littafin nan ba. Daidai tsakiyar gwiwa, jan layin ya bi kowane ninki, ko ɗaya bai kauce ba. Ta saɓa algaitar ubanta, ta shiga gaban maza arba'in ta fara. Da ta taka, ninkin suka riƙa kaɗawa dama da hagu yadda ya kamata. Hector ya kafa idonsa a takalminsa. Wata a bayana ta ce, "Tafiyar Murdo sak." Wata kuma ta yi tsaki, na san ko wace ce.

Na tsaya har suka ɓuya bayan tudu. Busar ta daɗe tana zuwa. Ba ta yi sauri a ƙarshe ba.

Ni ce na zuba mata shayi da suka dawo. Ta karɓa ta ce na gode, kamar ga baƙuwa.

Lahadi, 15 ga Nuwamba

Ban je coci ba. Na ce mura.

Alhamis, 19 ga Nuwamba

Hector ya zo da nasa kilt ɗin, asu ya ci gaban. Ya zauna ba a ce ya zauna ba. Wai saboda mamaci kowa ya ja bakinsa ran jana'iza, amma yanzu an gama, ya kamata in karɓo kilt ɗin in adana, ko a aika wa wani ɗan'uwa namiji a Glasgow. Wai ya ji an ce yarinyar za ta busa a auren 'yar Matheson ran jajibirin sabuwar shekara, kuma a cikinsa.

Na ce, "Wane namijin ne zai shiga? An yanke."

Ya ce, "To ai shi ne kuskuren, Dolina."

Na ce, "Hector, na yi kuskure a kan kilt ɗin nan, babba ma, amma ba shi ne wanda kake nufi ba. Kwashe naka ka kai Inverness, hannuna yana ciwo."

Ya fita yana huci. Ban ce abin ya dace ba fa. Ba na dai son a zauna mini a kujera ana gaya mini abin da zan yi da ɗinkin uwata.

Talata, 24 ga Nuwamba

Ishbel tana ajiye mini wasiƙa ta ramin ƙofa ta wuce. Da, sai ta shigo ta cinye mini biskit. Mako biyu ke nan. Murdo ya ce in riƙe masa yarinyar, ta ina zan kama?

Laraba, 2 ga Disamba

Ta ƙwanƙwasa. A gidan da ta girma, wai yau ƙwanƙwasawa take yi.

Kilt ɗin na hannunta. Ta ce ya yi mata yawa a ƙugu, yana zamewa, ko zan matsar da maɗaurin kafin bikin. Ta rame, ba ta cin abinci, na gani tun daga wuyanta. Na ce ɗaga hannu. Na zagaya tef ɗin awo. Inci ɗaya da rabi ta zubar. Muna kusa har ina jin numfashinta a gashina, sai na ce, "Na so in gaya masa ran Litinin ɗin nan. Na kasa." Ta ce, "Na sani, Gwaggo." Ba ta ce ya wuce ba, ni ma ban nema ba.

Littafin awo biyu gare ni tun zamanin Inna, baƙi na maza, ja na mata. Na jawo ɗaya na buɗe. Shafin gidanmu ne, sunan Baba da rubutun Inna, ƙarƙashinsa Murdo da nawa rubutun. Na sa Ishbel a layi na uku, da ƙugu da tsawo.

Ta leƙo ta gani. Ta ce, "Gwaggo, wannan ai baƙin ne."

Na ce shi ne ya fi kusa da hannuna.

Jan yana nan gefensa, a kan tebur ɗaya. Ta dube shi, ta dube ni, ta tafi ta ɗora ruwan shayi. Biskit huɗu ta ci.